Kallon Tsuntsaye da Ƙwari a Lekki: Inda Muke Kuskure

Ranar da na fara kai ƙanena Lekki Conservation Centre, gandun dajin da ke Legas, gosulo ya riƙe mu tun daga Agege, ba mu isa ba sai da rana ta take. Birai kawai muka gani. Tsuntsu da sanyin safiya yake kiwo yana kuka, da zafi ya taso sai ya lafe cikin ganye. Mai son ganinsa ya bar gida daga sallar asuba.

Sai kuskuren zuwa da shigar Juma'a. Farar shadda tana ƙyalli, ga hira da ƙarfi kamar ana ciniki a kasuwar Mile 12, wane tsuntsu zai tsaya? A sa kaya kore ko ruwan ƙasa, masu dogon hannu, don wurin fadama ne, sauro ba ya wasa. Ledar abinci kuwa a ɓoye ta cikin jaka. A gabana biri ya fizge biskit daga hannun ƙanena, yana ta “Yaya, ka gani!”

Babban kuskuren shi ne gaggawa. Gandun nan da aka kafa a 1990 hekta 78 ne, amma kowa gadar sama mai tsawon mita 401 yake nufa, ya ɗauki hoto ya juya. Samu wuri a kan hanyar katako ka tsaya shiru minti goma. Kunne ke fara kama tsuntsu kafin ido.

Kuma ba kowane farin tsuntsu ne balbela ba. Dubi baki: na balbelar shanu rawaya ne, wadda ke tsaye cikin ruwa da baƙin baki da yatsu rawaya wata ce daban. Ungulun da muka raina a mayankar Arewa ma yanzu tana dab da ƙarewa, har gandun Lufasi Park da ke hanyar Epe ya sa ta cikin abin da yake karewa.

Ƙwari lokacinsu daban. Malam-buɗe-littafi sai hantsi ya yi yake fitowa, ka neme shi a jiƙaƙƙiyar ƙasa, kada inuwarka ta faɗa kansa. Mazari idan ya tashi kada ka bi shi, yakan dawo kan tsinken da ya bari. Kana jiransa dai ka riƙa duba ƙafarka, kwarkwasa ba ta sallama kafin ta hau wando.