Babi na Shida: Gaɓoɓin Haihuwa na Namiji da Aikin Kowace

Darasi na 1: 'Ya'yan maraina

'Yan'uwa, babu kunya a neman sani. Ku karanta a hankali, layi bayan layi. Wanda ya rikice ya koma farko.

'Ya'yan maraina guda biyu ne, suna cikin jakar fata a ƙarƙashin azzakari. Aikinsu biyu. Su ke ƙera ƙwayoyin haihuwa, su ke kuma samar da sinadarin testosteron, wanda ke sa murya ta buɗe, gemu ya fito idan yaro ya balaga. Me ya sa suke rataye a waje? Zafin cikin jiki digiri 37 ne, ƙwayoyin kuwa sai an rage musu kamar digiri 2. Shi ya sa jakar ke tsukewa lokacin sanyi, ta saki lokacin zafi.

Darasi na 2: Maniyyi daban, ƙwayar haihuwa daban

Nan ne yawanci ake tuntuɓe, to mu tsaya. Maniyyi ruwa ne, ido na ganinsa. Ƙwayar haihuwa ido ba ya ganinta, sai da madubin likita. Ruwan ne ke ɗauke da ƙwayoyin, kamar yadda kogi ke ɗauke da kifi.

A maimaita da baki: maniyyi daban, ƙwaya daban. Madalla. Ƙwaya daga maraina take fitowa. Mafi yawan ruwan kuwa daga wasu ƙananan jakunkuna biyu ne da ke bayan mafitsara, sai ƙari daga furostet, wata ƙaramar gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsara. Ku sake: ƙwaya daga maraina, ruwa daga jakunkuna da furostet. Ku rubuta sau uku a littafinku.

Abin da ya sa nake nacewa: namiji kan iya fitar da maniyyi mai yawa alhali ƙwayoyin ciki kaɗan ne, ko babu sam. Gwajin asibiti kaɗai ke nuna hakan. Duk da wannan bayani, wasunku in an tambaye su sai su ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne! Da wannan kuskuren magidanci ke ɗora wa matarsa laifin rashin haihuwa shekara da shekaru, shi bai taɓa zuwa gwaji ba. Wanda bai rubuta ba, ya ɗauki biro yanzu.

Darasi na 3: Hanyar da ƙwaya ke bi

A bayan kowane ɗan maraina akwai siririn bututu a naɗe, wanda in an miƙe shi zai kai mita 6. A nan ƙwayoyi ke ƙarasa nuna. Daga nan wani bututun ya haura da su har inda za su haɗu da ruwan.

Darasi na 4: Azzakari

Fitsari da maniyyi hanya ɗaya suke bi ta cikinsa, amma ba tare ba, domin bakin mafitsara na rufewa lokacin fitar maniyyi. Jini ne ke cika azzakari ya miƙe.

Aikin gida: daga ina ƙwaya take fitowa, daga ina ruwa?