Matakan Ƙulla Labarin Soyayya Mai Ban Dariya na Zamanin Kaboyi

Da farko zaɓi gari da shekara. Ɗauki Abilene ta jihar Kansas da ke Amurka a 1867, lokacin da aka fara koro shanu daga Texas zuwa tashar jirgin ƙasan garin.

Sai ka nemo abin da zai haɗa jarumanka faɗa. Dokar rabon filayen noma ta Amurka ta 1862 ta ba mace marar aure damar samun eka 160, to dasa gonar jarumarka daidai kan burtali. Shanu sun cinye mata masara, ta cafke bijimi ɗaya ta ɗaure, ta ce sai kaboyin ya biya.

Rage harbe-harbe. Ni bindiga ɗaya ta ishe ni, ita ma ta ƙi tashi.

Daga nan rubuta haɗuwarsu ta farko, ka karanta a bayyane. Inda ba ka murmusa ba, goge.