Kurakuran da aka fi yi wa yaro lokacin da yake koyon magana

Yarinya 'yar shekara uku ta ga hoton doki biyu a littafi, ta ce, "Baba, ga dokoki!" Uban ya ce, "Dawaki ake cewa. Ce dawaki." Ta ce dawaki. Ba a yi minti biyar ba ta koma dokoki, shi kuwa ya ɗauka taurin kai ne.

Ai ba ta taɓa jin wani ya kira dawaki haka ba. Ta ji taga da tagogi, hanya da hanyoyi, mota da motoci, sai ƙwaƙwalwarta ta tsamo ƙa'ida ta ɗora a kan doki (ta faɗa kan jam'in doka ba da saninta ba). A 1958 wata mai bincike, Jean Berko, ta nuna wa yara a Amurka zanen wata halitta da ta laƙaba wa suna "wug", sannan ta nuna musu guda biyu, suka ce "wugs", wato suka ƙara "s" ɗin jam'in Ingilishi, kalmar da babu wanda ya taɓa faɗa musu. Yaro dai gina harshe yake yi da kansa, shi ya sa tilasta masa maimaitawa ba ya kama jiki. Abin da ya fi shi ne ka amshi maganar ka mayar da ita daidai, har da ƙari: "Eh, ga dawaki biyu, ɗaya fari, ɗaya ja." In ta yi ta ji, watarana za ta saki dokoki ba wanda ya sa ta.

Wani kuskuren ma tun kafin wannan ake yin sa, wato a yi wa jariri shiru don wai bai san me ake cewa ba. Alhali kunnensa ya fara aiki tun yana ciki. Masu bincike Janet Werker da Richard Tees sun nuna a 1984 cewa jariran gidajen da ake Ingilishi, 'yan wata 6 zuwa 8, suna bambance wasu sautukan Hindi masu kusanci da juna, kamar yadda muke raba d da ɗ. Zuwa wata 10 zuwa 12 yawancinsu sun daina, domin ƙwaƙwalwa ta zaɓi sautukan da take ji kullum ta riƙe. Ke nan tun bai ce "mama" ba ya yi nisa da aiki. Ki riƙa yi masa magana kina masa wanka ko kina sa masa riga, in ya yi gwarancinsa ki dakata ki amsa kamar ya faɗi wani abu mai nauyi. Wannan bani-in-ba-ka ɗin shi ne asalin hira.

Sai waya da talabijin, inda a ganina aka fi yaudarar kai. A 2003 Patricia Kuhl da abokan aikinta a Jami'ar Washington sun haɗa jarirai 'yan wata 9 da masu magana da Sinancin Mandarin, zama 12. Waɗanda suka zauna da mutum ido da ido sun kama sautukan harshen. Waɗanda aka nuna wa darasin ta bidiyo, ko aka kunna musu murya kaɗai, ba su fi waɗanda ba su taɓa jin Sinanci ba. Bidiyo ba ya bin idon jariri ya ga abin da yake kallo, balle ya faɗa masa sunansa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara 2 gaban waya ko talabijin, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini.

Tsoron cewa harshe biyu zai rikita yaro ba shi da tushe. In yana cakuɗa su a jimla ɗaya, ba rikicewa ba ce, manya ma suna yi. In za ka auna kalmominsa, haɗa na harsunan biyu ka ƙirga.

Haka in yana kame-kame ko ya fara in'ina, kada ka ƙarasa masa magana, kada kuma ka ce "yi sauri mana". Dube shi ka jira ya kai ƙarshe.

Akwai kuma sakacin da ake fakewa da "ai maza ba sa saurin baki" ko "babansa ma haka ya yi". Gaskiya ne yara sun bambanta, amma galibi kalmar farko tana zuwa wajen shekara ɗaya, haɗa kalma biyu kamar "ba ruwa" kuma wajen shekara 2. In ya kai wata 18 babu kalma ko ɗaya, ko ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ko yana faɗin wasu kalmomi ya daina, a kai shi ga likita, a fara da gwajin ji. Ruwan da ke taruwa a bayan dodon kunne bayan mura yana iya toshe ji makonni da yawa, yaro yana wasansa ba ya kukan komai.