Miji da mata a ranar farko a Gwanzu: kurakuran da na gaji da gani

Duk shekara sai an samu wasu daga unguwanninmu na Kumasi, Aboabo ko Asawase ko Sawaba, sun tara jari, maigida ya ce bana da madam za a je Chaina ta zaɓi kayanta da idonta. Abu mai kyau, Allah ya sa albarka. Amma wallahi na gaji da jin labari iri ɗaya in sun dawo, shi ya sa na ce bari in rubuta, duk wanda ya sake tambayata in tura mishi kawai in huta da bakina.

Wanda ya fi ci min rai shi ne waya ɗaya ke aiki, kuma tana aljihun maigida. A Gwanzu WhatsApp da Facebook da Google duk ba sa buɗewa a layin ƙasar ko wayifai ɗin otal, su WeChat suke hira da shi, Alipay da WeChat suke biyan kuɗi da su har mai sayar da ayaba a bakin titi, MoMo ɗinku kuwa ku bar shi a Kumasi. Tun 2023 ana iya haɗa katin Visa ko Mastercard na waje da su, amma tun daga gida ake saukarwa a haɗa, don in kun isa Play Store ma ba zai buɗe ba. To sai ka ga namiji ya yi wa kansa duk wannan, matar ta ce ni fa, ya ce ai muna tare. Muna tare ɗin nan ni ta taɓa ci.

Mun sauka filin jirgin Baiyun na Gwanzu, Alhaji ya ce taksi ɓarnar kuɗi ce jirgin ƙarƙashin ƙasa za mu bi, muka hau layi na 3, a Jiahewanggang ake sauka a koma layi na 2, jama'a kamar Kejetia ana gobe Sallah. Shi ya danna ciki da akwatuna biyu, ni ina gyara mayafi da ya maƙale a hannun jaka, ƙofar gilashi ta yi ƙara ta rufe. Ina ganin bakinsa yana motsi ta cikin gilashin yana nuna min wani abu da hannu, jirgi ya ja. Fasfo ɗina yana jakarsa, sunan otal yana wayarsa, ko yuwan ɗaya babu a jikina, wayata kuma in ban da tocila ba abin da take yi. Na hau jirgin da ya biyo baya ina zaton zai jira ni a gaba, ashe shi kuma ya juyo baya nemana, haka muka yi ta saɓani har bayan la'asar, sai wani yaro ɗan Mali mai ɗan jin Hausa ya raka ni Xiaobei, unguwar da 'yan Afirka suka fi yawa, muka bi otal-otal ana tambaya. Da muka haɗu abin da Alhaji ya fara cewa wai Hajiya me ya sa ba ki tsaya inda na bar ki ba. Ban tanka ba sai washegari.

Tun daga nan dokata ce, kowa ya riƙe fasfo ɗinsa a jikinsa, kowa da katin otal mai rubutun Chaina a takarda ba hoto a waya kaɗai ba, kowa da 'yan takardun yuwan 100 a aljihu, kuma wayoyi biyun duka a sa musu romin a layin Gana ko a sayi eSIM, da shi WhatsApp ɗinku zai ci gaba da aiki. Kuma a yi magana tun a cikin jirgin sama: wanda aka bari ya tsaya cak, wanda ya wuce shi zai dawo. Wasu za su ce jirgin ƙasan ya fi araha, gaskiya ne, amma ni ranar farko da kaya taksi nake hawa daga layin taksi na filin jirgi ko in kira mota ta manhajar Didi. Masu tare mutum a bakin ƙofa suna cewa taksi taksi, ko kallonsu kar ku yi.

Na biyu, shiga kasuwa da kuɗi ranar da aka sauka. Haba jama'a. Kun taso daga Kumasi a mota zuwa Accra, babu jirgin da ke zuwa Gwanzu kai tsaye sai an yada zango a Addis Ababa ko Dubai ko Doha, ga bambancin awa 8, ƙarfe 10 na safe a can jikinku yana ganin 2 na dare ne, a haka za ku je ku tsaya gaban ɗan Chaina da kalkuletarsa? Zai buga lamba ya juyo muku da ita, kai kuma kana juya yuwan zuwa dala zuwa sidi da kan da bai yi barci ba, ka manta kuɗin kwantena, ka manta kuɗin fiton da ke jiranka a tashar jirgin ruwa ta Tema, ka ga abu ya yi araha ka ajiye kafin alƙalami. Washegari ka hau bene na uku a gini ɗaya ka ga irin kayan da ƙasa da haka, kuɗin da ka ajiye kuma ya tafi kenan. Ga ejan da zai tarbe ku tun daga filin jirgi yana Alhaji sannu da hanya, Hajiya kawo jakar, wasunsu mutanen kirki ne ban ce ba, amma shagon da zai fara kai ku can ne yake da la'ada. Ni ranar farko ba na kashe kuɗin da ya wuce na abinci da mota. Littafi da biro nake ɗauka, in karɓi katin shago, in rubuta farashi a bayansa, mu yi musayar WeChat in wuce.

Ku kuma mazan da ke ajiye mata a ɗakin otal wai ki huta in je in dubo hanya, sannan ku dawo tsakar dare kun ci kun ƙoshi da abokai, ku ji tsoron Allah. Ita ta san leshin da ke tafiya a Alabar da takalmin da amare ke nema, tikitin nan ba don ta kalli talabijin da ba ta jin yarensa aka yanka ba. Ko dai ku huta tare ko ku fita tare.

Masauki: in otal ne su za su yi muku rajista da fasfo, in kuwa gidan wani ɗan uwa kuka sauka dole ku yi rajista da 'yan sanda cikin awa 24, tarar rashin yi tana iya kaiwa yuwan 2,000, kar ku ji ta ɗan uwan da zai ce ba komai. Lokacin babban baje kolin garin da ake kira Canton Fair, Afrilu zuwa Mayu da Oktoba zuwa Nuwamba, otal yana tsada, ku kama ɗaki tun kuna gida.

Sauran ƙanana ne. Katin rigakafin shawara ya zauna cikin fasfo. Kilishi da dambun nama kwastan ba sa bari a shiga da su. Kan caja mai ƙafa uku irin namu ba ya shiga yawancin soket ɗinsu, ku tafi da adafta. Bayin kasuwa babu buta, wani ma babu tishu, gorar ruwa a jaka ta wadatar. Ruwan famfo sai an tafasa. Baburansu na lantarki ba sa ƙara kuma har kan hanyar masu ƙafa suke hawa, ku dinga waiwaye. Alƙibla a can wajen yamma take, na sha ganin mutanenmu sun shimfiɗa darduma sun fuskanci gabas saboda sabo. Abinci kuwa kar yunwa ta ja ku shagon farko, ku nemi shagunan taliyar Lanzhou na Musulmi, za ku gane su da farar hula da matan da suka rufe kai, a Xiaobei kuma akwai gidajen abincin 'yan Afirka.

In kun watsa ruwa kun ɗan miƙe, ku je masallacin Huaisheng a titin Guangta, yana cikin mafi tsufa a duk Chaina, mutanen garin suna danganta shi da Sa'adu bin Abi Waƙƙas, ku tafi da fasfo. Bayan magariba ku gangara bakin kogi ku ga hasumiyar Canton mai tsawon mita 600 an kunna mata fitilu, ku yi hoto ku tura wa yara, lokacin a Kumasi ko azahar ba a kira ba. Barcin la'asar ne dai kar ku yarda da shi komai nauyin ido, ku daure har bayan isha'i, in ba haka ba ƙarfe 1 na dare za ku farka tangaram da yunwa, ku shiga kasuwa gobe kuna hamma.