Kurakuran da masu ziyara suka fi yi a tsibirin Kirit, da yadda za a kauce musu

Babban kuskure shi ne raina girman tsibirin. Mutum ya duba taswira ya ga Kirit ɗan siriri a kudancin Girka, sai ya kama ɗaki a Heraklion, babban birnin tsibirin, da niyyar zagaye ko'ina cikin kwana uku. Tsawonsa daga gabas zuwa yamma ya kai kilomita 260, ga tsaunuka jere a tsakiya, mafi tsayinsu Psiloritis, mita 2,456. Babbar hanya gaɓar arewa take bi, ta haɗa Chania da Rethymno da Heraklion da Agios Nikolaos. Da ka karkata kudu, sai kwana-kwana a gefen dutse, ga awaki kwance a tsakiyar kwalta, ko hon ba ya tayar da su. Tafiyar da ka yi wa lissafin awa ɗaya sai ta ci biyu. Ka raba masauki, wani a yamma, wani a tsakiya ko gabas, kuma ka cika tanki kafin hawan tsauni, don gidajen mai sun yi ƙaranci a can.

Inda wannan gaggawa ta fi jefa mutane cikin wahala shi ne kwazazzabon Samariya. Tafiyar ƙafa ce ta kilomita 16, daga Xyloskalo da ke sama da mita 1,200 har ƙauyen Agia Roumeli a bakin teku. Wasu sukan tuƙo motar haya su ajiye a ƙofar shiga, su gangara, sai da yamma su fahimci babu titin mota da ya haɗa Agia Roumeli da sauran tsibirin. Jirgin ruwa ne ke fitar da mutane zuwa Sfakia ko Sougia, motarka kuwa tana can bisa tsauni. Mafita ita ce ka hau bas ɗin haya na kamfanin KTEL daga Chania da sassafe, kuma tun kafin ka taka ƙasa ka san lokacin tashin jirgi na ƙarshe. Kada ka shiga da silifas. Gangaren farko gwiwa yake ci, sauran hanyar kuma duwatsun rafi ne masu gocewa ƙarƙashin ƙafa. Gora ɗaya ta isa, akwai wuraren cika ruwa a hanya. Ana buɗe wurin ne daga wajen Mayu zuwa Oktoba, kuma akan rufe shi idan an yi ruwan sama ko zafi ya tsananta. Wanda ya san ƙafarsa ba za ta ɗauka ba, ya nufi kwazazzabon Imbros, wanda tsawonsa kusan rabin na Samariya ne. Babu abin kunya a ciki.

A bakin teku ma akwai tarko. Hanyar Balos burji ce mai tsakuwa, kuma yawancin kamfanonin hayar mota inshorarsu ba ta biyan ɓarnar da aka yi a irin wannan hanya. Karanta takardar kafin ka sa hannu, ko ka shiga jirgi daga Kissamos. A Elafonisi, yashin nan mai launin ruwan hoda ɓarɓashin bawon halittun teku ne, kuma an hana ɗibarsa. Abin yana ɓata min rai in na tuna yawan masu cika kwalba da shi su tafi gida. Sai iskar meltemi da ke kaɗawa daga arewa a Yuli da Agusta: in ka ga jar tuta, kada ka shiga ruwa, kuma ka tuna gaɓoɓin da ke nesa da gari galibi ba su da masu ceto. Lambar gaggawa 112 ce.

Masu zuwa Knossos, kufan tsohuwar fada kusa da Heraklion, da tsakar rana suna shan rana da cunkoso a banza. Da safe ake zuwa. Da yawa kuma suna ɗauka duk abin da suka gani tsohon gini ne. Arthur Evans, masanin kayan tarihi ɗan Ingila da ya soma aikinsa na haƙa a wurin a 1900, ya sake tayar da wasu sassa da siminti, zanen da ke bangon kuma kwafi ne. Na ainihin suna gidan kayan tarihi na Heraklion, tare da faifan yumɓun Phaistos da aka gano a 1908, wanda har yau ba a iya karanta rubutunsa ba. Wanda ya ga Knossos bai shiga wannan gida ba, rabi ya gani.

Akwai kuma tarihin da Musulmi bai kamata ya wuce shi ba. Larabawan Andalus sun mulki Kirit daga wajen 820 da wani abu zuwa 961, Daular Usmaniyya kuma ta karɓe Heraklion a 1669 bayan ƙawanya ta shekara 21. Masallacin Kucuk Hasan yana nan a tashar jiragen ruwan Chania, na Neratze a Rethymno da hasumiyarsa. Sai dai kada ka je da niyyar jam'i: bayan musayar al'umma tsakanin Girka da Turkiyya a 1923 Musulmin tsibirin sun tashi, masallacin farko ya zama zauren baje koli, na biyun wurin koyon kiɗa. Ka tafi da dardumarka.

A ƙauyuka kuwa, kada ka iso da ƙarfe uku na rana kana neman shago a buɗe. Lokacin hutawa ne, ko ɗaga murya ba a so. Riƙe tsabar kuɗi, ba ko'ina kati ke aiki ba. In za ka shiga gidan ibadar Kirista irin Arkadi, ka rufe kafaɗa da gwiwa. Bayan cin abinci mai gida yakan kawo ɗan kofi na wani farin ruwa kyauta, sunansa raki ko tsikoudia. Barasa ce mai ƙarfi. Ka dafa ƙirji ka yi godiya ka ce ba ka sha, ba za a ji haushi ba. Tsiren souvlaki da gyros galibi naman alade ne, haka ma apaki, don haka ka tambaya kafin a zuba. Ga kifi, ga wake, ga dafaffen ganye da man zaitun, ga dakos, busasshen burodin sha'ir da ake jiƙawa a ɗora masa tumatir da cuku.