Yadda za ka bi sawun Katsinawan da aka kai Birazil a zamanin cinikin bayi

Ɗalibi ko malamin tarihi da ke zaune a Katsina ko Daura yana iya gudanar da bincike mai ma'ana a kan Hausawan da aka tsallaka teku da su ba tare da ya bar garinsu ba, muddin yana da wayar da ke shiga intanet, da littafin rubutu, da haƙurin zama a gaban dattawa.

Ka fara da mutum ɗaya. Masana sun ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 12.5 aka loda a jiragen ruwa daga Afirka zuwa nahiyar Amurka, kuma Birazil ce ta fi kowace ƙasa karɓa, amma adadi irin wannan ba ya nuna maka inda za ka sa ƙafa. Wanda ya fi dacewa da Bakatsine shi ne Mahommah Gardo Baquaqua, wanda aka haifa a Djougou da ke arewacin Jamhuriyar Benin ta yau, a kan hanyar da fataken goro suke bi zuwa Gwanja, kuma shi da bakinsa ya ce mahaifiyarsa 'yar Katsina ce. An kai shi Pernambuco ta Birazil a matsayin bawa wajen 1845, ya kuɓuta a New York a 1847 lokacin da jirgin ubangidansa ya kai kofi can, ya zauna a Haiti, sannan aka buga labarin rayuwarsa a Detroit a 1854. Ana samun labarin kyauta a intanet da Turanci. Ka karanta shi da alƙalami a hannu, kana fitar da sunan kowane gari, da kowace sana'a, da kowane abinci da ya ambata, domin su ne za ka yi wa dattawa tambaya a kansu daga baya.

Daga nan sai ka zana hanya a taswira. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 sun jefa mutane da yawa a hannun masu saye, aka gangara da su ta ƙasar Nufe da Oyo zuwa tashoshin bakin teku na Ikko (Legas) da Badagry da Porto-Novo da Ouidah, yawancinsu kuma birnin Salvador na jihar Bahiya a Birazil aka nufa da su. Shafin SlaveVoyages yana ɗauke da bayanin tafiye-tafiyen jirage fiye da 36,000, kuma kana iya tace su ta tashar da jirgi ya taso da shekarar da ya taso. Akwai kuma dubban sunayen bayin da aka ƙwato daga jiragen masu fataucin bayi a teku aka rubuta a Freetown ta Saliyo da Havana ta Kuba. A nan ne ake yawan zamewa: idan ka ga suna mai kama da Mamman ko Audu, kada ka yi gaggawar cewa Bahaushe ne, domin Banufe da Babarbare da Bayaraben da ya musulunta duk suna amsa irin waɗannan sunaye. Wajen bincike ka gwada rubutun da Turawa suka yi amfani da shi a da, kamar Kashna (wato Katsina) da Houssa da Haussá (wato Hausa). Ka kuma duba aikin da wani Bajamushe ɗan mishan, Sigismund Koelle, ya buga a 1854, wanda ya tattara kalmomin Hausar Kano da ta Katsina daga bakin 'yantattun bayi a Freetown.

Bahiya ta cancanci ka daɗe a kanta. Hausawa ne a gaba a yunƙurin boren bayi na 1807, wanda aka tona kafin ya tashi, haka kuma a na 1809 da 1814. Babban boren Musulmi na Janairun 1835, wanda ya faɗo a cikin watan azumi, mafi yawan waɗanda suka yi shi Yarabawa ne, Hausawan cikinsa kaɗan ne, kuma bai kamata son kai ya sa mu mayar da shi namu ba. Hukumomi sun ƙwace layu da takardun Larabci daga jikin mutanen, ana ajiye da su a gidan adana takardu na jihar Bahiya, an kuma wallafa hotunan wasunsu. Ka buga hotunan a takarda ka kai wa malamin zaure ko alarammar da ya ƙware a rubutun allo. A ganina wannan ne wurin da Bakatsine ya fi baƙon mai bincike dama, domin alaramma zai gane aya, da addu'a, da hatimi, da salon hannu cikin ɗan lokaci, ya kuma faɗa maka ko mai rubutun ya yi nisa a karatu ko kuwa yana matakin farko aka raba shi da gida.

Zama da dattawa yana buƙatar ladabi da taka-tsantsan. Ka je da goro, ka nemi izini kafin ka naɗi murya, ka fara da tambayar hanyoyin fatauci, da zangunan da ayari ke sauka, da labarin waɗanda suka tafi ba su dawo ba. Kada ka manta da hanyar arewa, domin Katsina ta daɗe tana cikin manyan kasuwannin fataucin Sahara, kuma an kai mutanenmu Tarabulus da Tunis, inda har yau akwai kiɗan Stambali mai dangantaka da bori. Za ka ji abin da ba shi da daɗi, wato an kama mutane an sayar a wannan ƙasa tamu, da hannun mutanenmu. Ka rubuta shi yadda yake. Abin da ba ka da hurumin yi shi ne ka ambaci wani gida ka ce zuriyar bayi ne, ko da wani ya tsegunta maka, saboda irin wannan magana tana iya ɓata aure da zumunci har gobe.

Idan ka zo rubutawa, ka yi da Hausa, ka bambanta abin da ka gani a takarda da abin da ka ji a baki, ka kuma rubuta rana da wurin kowace hira. Ka kai kwafi ɗaya Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, ɗaya kuma sashen tarihi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, sannan ka koma ka karanta wa dattawan da suka ba ka labari, domin su gyara inda ka ji ba daidai ba.