Yadda ake karanta wasiƙun ma'aurata na zamanin yaƙin basasar Ingila

Mai son fahimtar zaman iyali a lokacin yaƙin basasar Ingila, wanda ya ɓarke a 1642 tsakanin Sarki Charles na Ɗaya da Majalisa, ya kamata ya fara da wasiƙun Ralph Verney da matarsa Mary. Ralph ya yi gudun hijira zuwa Faransa a 1643, Majalisa kuma ta ƙwace dukiyarsa, sai Mary ta koma Landan a 1646, tana da juna biyu, domin ta yi fafutukar karɓo ta.

Abin da za a fara gyarawa shi ne kwanan wata, domin a nan masu karatu suka fi tuntuɓe. Ingila ba ta bar tsohuwar kalanda ba sai a 1752, saboda haka a wancan ƙarni lissafinta yana bayan na Faransa da kwana 10, kuma sabuwar shekara a hukumance tana kamawa ne ranar 25 ga Maris. Wasiƙar da aka rubuta wa Fabrairun 1646 a Landan, a lissafinmu na yau ta 1647 ce. Wanda bai daidaita wannan ba zai jera amsa kafin tambaya, har ya ɗora wa miji laifin sakaci alhali bai yi ba.

Bayan haka a tuna cewa ana tare wasiƙu a hanya. Wannan ne ya sa ma'auratan suka riƙa sakaya sunayen mutane, don haka shirun da suka yi kan wata magana ba ya nufin ba ta dame su ba.

Kada kuma a tsallake batun kuɗin haya, bashi, magani da tufafin yara da zaton ƙananan abubuwa ne. A ganina nan ne ainihin tarihin yake, tun da su ke nuna yadda ragamar gida ta koma hannun mata. Misali, wata mata mai suna Brilliana Harley ce ta jagoranci tsaron gidansu na Brampton Bryan lokacin da dakarun sarki suka yi masa ƙawanya a 1643, mijinta yana Landan. Sai dai a lura cewa yawancin takardun da suka tsira na masu hali ne, domin matan talakawan sojoji kaɗan ne suka iya rubutu.